Dangwalin Ardo Adamu

Kiran Dakta Fa'iza ya same ni ne a kara, kasuwar shanu, hannuna ɗaya a bakin wata saniya ina duba dasashinta, ɗayan yana laluben waya a aljihu. Ita ce mai duba aikina na digiri na biyu, kuma a shekara ukun da na yi a ƙarƙashinta ba ta taɓa kirana ba ta tambayi iyali ba. Ran nan ko sallamata ba ta gama amsawa ba.

"Mujitaba, kana da babi na huɗu a kusa?"

"Yana ofis, Malama."

"Je ka buɗe jadawalin yawan shanu. Ka raba kowace lamba gida huɗu, sannan ka kira ni."

Ban je ofis ba. Na saki saniyar na nemi gindin ɗorawa na zauna. Na san abin da zan tarar. Lambobi sittin ne a jadawalin, kuma duk cikinsu babu wadda ba za ta rabu gida huɗu cif ba.

Ni malamin dabbobi ne a Tudun Wada, haifaffen Dangora, shekarata goma sha ɗaya ina yawon rugage da akwatin allura a bayan babur. Kundina a kan ciwon hanta ne a garkunan da ke tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Ruga sittin na shiga da ƙafata, kashin shanu kuwa na kwashe shi a leda har sai da matata ta hana ni ajiye jakata a ɗaki. Duk wannan gaskiya ne, ko gobe zan dafa littafi a kai. Inda na yanka wa kaina wuya shi ne tambaya ta bakwai a takardar tambayoyina: "Shanu nawa gare ka?"

Kowa ya san Bafulatani ba ya amsa wannan. Ka tambaye shi, sai ya dubi ƙasa ya ce, "Alhamdu lillahi, akwai 'yan kaɗan." Wani tsoron baki yake yi, wani jangalin da aka karɓa a hannun kakansa ne bai manta ba, wani kuwa ɓarayin da ke fitowa daga daji yake tunani. Ardo Adamu ya taɓa ce mini dukiyar da aka faɗi adadinta ta tsaya ke nan, sai dai ta yi baya. Na san duk wannan tun ina yaro. Amma da na zo tsara takardar, sai na kwafo tambayar daga wani tsohon kundi, don na ga haka masu ilimi suke yi.

Da na ga layi na bakwai zai tashi babu komai, sai na yi dabara. A kowace ruga akwai dangwali, doguwar igiyar nan da ake ɗaure maruƙa a jere kafin a yi tatsa. Ina cikin shan furar da aka kawo mini sai in saci ido in ƙirga maɗauran da ke da maraƙi. Na karanta cewa a garke irin namu, duk maraƙi ɗaya akwai kusan kai huɗu a bayansa. Sai in ninka da huɗu in rubuta. A lokacin har ji nake na yi basira. Sai dai a ƙarƙashin "amsar mai garke" na rubuta lambobin, kuma a babi na uku na rattaba cewa duka daga bakin masu shanun na ji su. Shekara guda ina kallon jadawalin nan, ban taɓa lura cewa duk 'ya'yan huɗu ba ne. Malamin da aka kawo daga wata jami'a ya duba kundin, shi a zama ɗaya ya gani.

Da na sake kiranta, Dakta Fa'iza ba ta ɓoye mini komai ba. Dokar ɗaliban manyan digiri ta ce wanda ya ƙirƙiri bayanai hukuncinsa kora. An miƙa maganar ga kwamitin ladabtarwa. Shugabansa, Farfesa Gwadabe, ya sa an zube takarduna sittin a tebur, ya rufe ido ya zaro ɗaya. Jibi zai zo da kansa ya yi wa mai takardar tambaya ta bakwai. In amsa ta yi daidai da abin da na rubuta, a ci gaba da shirin kare kundi. In ba ta yi ba, shekara ukuna sun tafi.

"Wacce ya zaro, Malama?"

"Ta ashirin da uku. Ardo Adamu. Ka rubuta arba'in da takwas." Ta rage murya. "Bai kamata ma in gaya maka ba. Na gaya maka ne don ka san hanyar da za ka bi da mu, ba don wani abu ba. Ka ji ni?"

"Na ji, Malama."

Na ji, amma abin kunya, daɗi ne ya rufe ni. Cikin mutum sittin a ce Baffa Adamu aka zaro! Aminin mahaifina ne. Shekara talatin shanun mahaifin nawa, marigayi Malam Bala, suna hannunsa kiwo, ba a taɓa jin kansu ba. Ranar sunana shi ya kawo ragon. Na ce a raina Allah ne ya dube ni. Dubi irin wurin da na sako sunan Allah.

Washegari bayan azahar na hau babur na nufi rugarsa, can gefen Doguwa inda gonakin masara suke ƙarewa. Na same shi a inuwa yana tufkar igiya. Muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, na tambayi dabbobi ya ce sun gode Allah. Sai da na sha ruwa sau biyu kafin bakina ya iya buɗewa.

"Baffa, gobe zan zo da baƙi daga makaranta. Tambaya ɗaya za su yi maka."

"To, Allah ya kawo su lafiya. Wace iri?"

"Za su ce shanu nawa gare ka. Sai ka ce arba'in da takwas."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Bai dube ni ba. Wata kaza ta zo ta yi tononta a gabanmu ta wuce.

"Ko mahaifinka bai taɓa yi mini wannan tambayar ba," in ji shi daga baya. "Shi da yake da nasa a ciki."

"Na sani, Baffa."

"In ban faɗa ba fa?"

"Za su kore ni. Duk wahalar da ka ga ina yi ta tashi a banza."

"Don lamba ɗaya?"

"Don na rubuta cewa kai ka faɗa mini."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Ya mayar da idonsa kan igiyar, ya motsa leɓe a hankali yana gwada kalmomin kamar mai tauna magani.

"Sau ɗaya zan faɗa?"

"Sau ɗaya tak."

"Je ka, ɗan Bala. Allah ya kai mu."

Na hau babur ina gaya wa kaina ai camfi ne kawai, babu saniyar da lamba ta taɓa kashewa. Ni da na yi boko, ni da na san ƙwayoyin cuta da sunayensu. Har na iso gida ina wannan huɗubar, amma tuwon da aka ajiye mini haka aka ɗauke shi.

Da sassafe na tare su a Kwanar Dangora. Farfesa Gwadabe siririn dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya, kuma an ce a shekara ashirin bai taɓa karɓar ko goro daga hannun ɗalibi ba. 'Yan ajinmu kan ce gara ka faɗa hannun 'yan sanda. Shi ke gaba kusa da direba, takardata ta ashirin da uku a cikin fayil a kan cinyarsa. Ni da Dakta Fa'iza muna baya, ita ta juya fuska tana kallon gonakin dawa kamar ba ta taɓa ganin dawa ba.

Mun wuce Tudun Wada da kaɗan sai ya yi magana, bai ko waiwayo ba.

"Malam Mujitaba, ka karanta littafin dokokin da aka ba ka ranar rajista?"

"Na karanta, ranka ya daɗe."

"To ka san akwai bambanci tsakanin ɗalibin da ya faɗi laifinsa kafin a bincika da wanda bincike ya tono. Na farko akan dakatar da shi ya gyara. Na biyu ba ya dawowa. Da zarar mun sauka daga motar nan, bincike ya fara. Akwai abin da kake so ka gaya mana?"

Dakta Fa'iza ta juyo ta dube ni. Ƙofa ce aka buɗe mini har bango. Amma dakatarwa shekara guda ce, da sake aiki, da surutun abokan aiki waɗanda tuni suka fara kirana "Masta". Ga kuma Baffa can yana jira da amsa a baki.

"Babu komai, ranka ya daɗe."

"To madalla," ya ce, ya rubuta wani abu a gefen fayil.

Inda mota ta gaza muka sauka muka taka. Raɓa ba ta gama bushewa ba, ƙafar wandon Farfesa ta jiƙe har gwiwa bai damu ba. Ni ke gaba. Tun kafin mu ga bukkoki na ji wani abu ba daidai ba, na kasa gane ko mene ne, sai da muka fito fili. Shiru ne. A irin wannan lokaci ruga cike take da kukan maruƙa da ƙarar nono a ƙwarya, don ba a kora shanu sai raɓa ta ɗauke. Yau makwancin garke wayam, sai kashi ɗanye da ƙudaje. Dangwali kuwa yana yashe a ƙasa tsakanin turakunsa biyu, maɗauransa a buɗe, babu maraƙi ko ɗaya. Maruƙa ba sa bin garke kiwo. A gida ake barinsu, ko jariri ya san haka.

Inna Hajara, matar Baffa, ta fito da tabarma. Da na durƙusa gaishe ta sai na yi ƙasa da murya.

"Inna, ina dabbobin? Lafiya?"

Ta dube ni, idonta jajur.

"Tun kafin a yi sallar asuba ya sa aka kora su bayan dutse, har 'yan maruƙan da aka haifa shekaranjiya. A kafaɗa aka ɗauki biyu. Ko tatsa ba a yi ba." Ta shimfiɗa tabarmar ta daddanna gefenta. "Ya ce ba za a faɗa a kan kunnensu ba."

Ta juya ta shige bukka. Ban taɓa zuwa gidan nan ba ta sa mini albarka ba, sai ran nan.

Baffa ya fito cikin farar rigarsa ta zuwa Juma'a. Manyan 'ya'yansa biyu da ba su bi garke ba suka tsaya daga nesa, sanduna a kafaɗa, suna kallon ƙasa. Farfesa ya tuɓe takalmi ya zauna, ya gaishe shi gaisuwa ta mutunci, ya tambayi damina, ya tambayi iyali, bai yi gaggawa ba. Sannan ya bayyana abin da ya kawo su, ya nemi izinin ɗaukar murya. Baffa ya ce babu laifi. Aka ajiye waya a tsakiyar tabarma.

"Ardo, ka san wannan bawan Allah?"

"Ɗana ne."

"Ya zo nan bara ya ɗebi kashin shanu?"

"Ya zo, sau uku ma."

"Ya yi maka tambayoyi?"

"Ya yi."

Farfesa ya buɗe fayil, ya sa yatsa a layi na bakwai.

"To Ardo, ka gafarce ni da wannan. Shanu nawa gare ka?"

Baffa ya gyara zama. Ya dubi dangwalin da ke yashe, ya dubi wajen dutsen da aka kai shanun, kamar yana auna ko nisan ya isa. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya juya baya. Baffa ya yi bisimilla a hankali, ya buɗe baki.

"Ar..."

"Baffa, kada ka faɗa!"

Ban san da ƙarfi na yi maganar ba sai da na ga kaji sun watse. Kowa ya zuba mini ido. Wayar tana nan tana ɗauka.

"Ranka ya daɗe, bai taɓa gaya mini ba. Babu wanda ya gaya mini, duk su sittin ɗin. Maruƙan dangwali na ƙirga na ninka da huɗu, na rubuta a bakinsu. Ga igiyar can, sha biyu na samu a kanta."

Farfesa bai nuna mamaki ba. Ya dubi igiyar, ya dubi makwancin da babu shanu, ya daɗe yana kallo.

"Ardo ya san da zuwanmu?"

"Malam," Baffa ya yi caraf, "ai yaron nan kullum yana..."

"Na zo jiya, ranka ya daɗe. Ni na ba shi lambar, na roƙe shi ya faɗa. Malama ta gargaɗe ni, ban ji ba. Laifin nawa ne ni kaɗai."

Dakta Fa'iza ta rufe fuska da gefen mayafinta. Farfesa ya miƙa hannu ya kashe wayar, ya rufe fayil.

"Na tambaye ka a mota."

"Ka tambaye ni."

"Yanzu laifi biyu ne, ƙirƙirar bayanai da shirya shaida. Dokar ba ta bar mini wurin juyawa ba. Zan rubuta cewa kai ka tsayar da shi da bakinka, don haka aka yi. Ban ce zai cece ka ba." Ya juya wajen Baffa. "Ardo, ka yafe mana. Mun sa ka tashin da bai kamata ba."

Inna Hajara ta kawo kindirmo a ƙwarya, ta ce na jiya ne, su yi haƙuri. Farfesa ya sha ludayi biyu don kada a ce ya ƙi.

Na raka su har mota. Farfesa ya shiga, Dakta Fa'iza ta tsaya riƙe da ƙofa. Na zaci faɗa za ta yi, na ma fi son ta yi.

"Ka san abin da ya fi ƙona mini rai?" ta ce. "Da ka rubuta a babi na uku cewa masu shanu ba sa faɗin adadi, don haka ka ƙirga dangwali ka yi ƙiyasi, da babu mai taɓa ka. Da shi ne abu mafi kyau a kundin gaba ɗaya. Layi biyu, Mujitaba. Me ya hana ka?"

"Na ga kamar ba za a ɗauke shi ilimi ba, Malama."

Ta girgiza kai ta shiga mota. Na ce su tafi, zan nemi achaɓa daga baya.

Takardar ta zo bayan sati biyar. An soke kundin, an kore ni. Abin da rubutun Farfesa ya samo mini shi ne layi ɗaya a ƙasa, cewa bayan shekara uku ina iya sake neman shiga daga farko. Na yi kuka a ofis, ba zan ɓoye ba, kuma har yau in na ji an kira wani "Masta" sai abin ya dawo mini sabo. Amma wannan duk daga baya ne.

A ranar, da na koma ruga, na tarar Baffa ya tuɓe farar rigar ya aika a dawo da dabbobi. Muka zauna har muka fara jiyo su. Shanun suka shigo da gudu, hantsarsu ta cika tam har nono na ɗiga, maruƙa na kuka, 'yan ƙananan biyu a kafaɗar masu kiwo. Baffa ya miƙe ya shiga cikinsu, yana dafa wannan, yana kiran waccan da sunanta, yana duba ƙafafun jariran. Sai da ya bi ta kan kowacce sannan na ga kafaɗunsa sun sauko.

Ya ɗaga dangwali ya karkaɗe, ya ja shi ya ɗaure a turke, ya miƙo mini wani jan maraƙi.

"Da ka bari da na faɗa," ya ce.

"Na sani, Baffa. Shi ya sa."

Ya tsaya yana kallona ina kokawa da maɗauri.

"Arba'in da takwas ɗin naka ma ba haka ba ne."

Na ɗago da sauri. Shekara uku na boko ba sa fita daga jikin mutum a wuni ɗaya.

"Sun fi, ko ba su kai ba?"

Baffa ya dube ni, irin kallon jiya, sai dai yau akwai ɗan murmushi a gefen gemunsa. Inna Hajara ta ajiye ƙwaryar tatsa a kusa da ni, ta ce Allah ya shirye ni.

"Ɗaure maraƙin, ɗan Bala," in ji Baffa. "Uwarsa na jira."